Ƙarin Jijiya a Ƙashin Wuya: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Cire Shi

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata cuta wadda ba kasafai ake gamuwa da ita ba, wato ƙarin da ke tsirowa a jikin jijiyoyin da suka fito daga laka a daidai wuya, da hanyoyin da likitoci ke bi su gano shi, da kuma irin aikin fiɗar da ake yi don a raba mutum da shi. Mai yiwuwa ne wani ya ce, cutar da likita kan yi shekara da shekaru yana duba marasa lafiya bai ci karo da ita ba, mene ne na ɓata lokacin ɗalibai da ma'aikata a kanta? Amsar ita ce, tana daga cikin cututtukan nan 'yan kaɗan da ke iya kwantar da ƙaƙƙarfan mutum, hannu da ƙafa su shanye, alhali kuwa in an gano ta da wuri ana iya cire ta ɗungum, mutum ya koma bakin aikinsa. Galibi abin da ke raba wanda ya tashi da wanda ya nakasa shi ne watannin da aka ɓata kafin a san abin da ke damunsa.

Kalmomi tukuna

Dole ne a fara da daidaita kalmomi, domin Hausa ta tara abubuwa uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Hanyar da jini ke bi, jijiya ce. Farin abin nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wanda kan gagari mai cin nama taunawa, shi ma jijiya ake ce masa. Sa'an nan ga ta uku, wato zaren da ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ya kuma komo da labarin zafi ko sanyi ko taɓawa. Wannan ba aibin Hausa ba ne ita kaɗai, don Girkawan dā ma da kalma ɗaya suke kiran ta biyu da ta uku. A nan za a riƙa kiran ta ukun jijiyar saƙo, ta farin kuwa jijiyar jini. Laka sananniya ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mahauci: ita ce farar igiyar nan mai taushi da ke cikin ramin ƙashin baya. Ƙari kuwa shi ne naman da ya tsiro a inda ba a bukatarsa. Ba kowane ƙari ne sankara ba. Akwai wanda ke zaune wuri ɗaya yana girma a hankali, akwai kuma mugu mai cin naman da ke kewaye da shi, yana bin jini ya yaɗu. Mafi yawan ƙarin da ake magana a kansa a nan na kashin farko ne.

Inda abin yake

Ƙasusuwan wuyan ɗan'adam guda 7 ne, kamar dai na raƙumin dawa, an ɗora su ɗaya bisa ɗaya, kowanne da rami a tsakiyarsa. Ta cikin wannan rami laka ta bi, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tana cikin wani ruwa garai-garai, an kuma lulluɓe ta da tantani mai kauri. Daga kowane gefe na lakar wuya jijiyoyin saƙo guda 8 suka fito, kowace ta bi ta wata 'yar kafa da ke tsakanin ƙasusuwan. Kowace kuma da saiwa biyu: ta gaba mai kai umurnin motsi, ta baya mai kawo labarin ji. Jijiya ta 3 da ta 4 da ta 5 su ne suka haɗu suka ba da jijiyar da ke motsa tsokar numfashi. Daga ta 5 zuwa ta 8, tare da ta farko ta ƙirji, su ke tafiyar da kafaɗa da hannu da yatsu. Ban da waɗannan, akwai babbar jijiyar jini a kowane gefe, wadda ta ratsa ta cikin ƙasusuwan wuya shida na sama, tana kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Duk wannan kaya yana cikin wurin da mutum zai iya rufewa da tafin hannunsa. Saboda haka ƙarin da in a cinya ya fito ba wanda zai damu da shi, a nan sai ya zama barazana ga tafiya, da riƙon alƙalami, har da numfashi.

Kowace jijiyar saƙo tana da kube, kamar yadda wayar lantarki ke da rigar roba. Ƙwayoyin halittar da ke yin wannan kube wani Bajamushe ne mai suna Theodor Schwann ya bayyana su a shekarar 1839, shi ya sa ƙarin da ya tsiro daga gare su ake kiransa shuwanoma. A 1910 José Verocay, mutumin ƙasar Yurugwai da ke aiki a birnin Firag, ya siffanta yadda ƙwayoyinsa kan jeru sahu-sahu a ƙarƙashin madubin likita, a 1920 kuma Nils Antoni na ƙasar Suwidin ya raba namansa kashi biyu, mai cunkoso da mai sako-sako. Har yau da sunayen waɗannan mutane ake rubuta sakamakon gwaji. Shuwanoma dunƙule yake, yana da bawo nasa, yakan tsiro ne daga zare ɗaya ko biyu na jijiyar, galibi daga saiwar baya, ya ture sauran gefe. Yana da ɗan'uwa da ake kira niyurofaiburoma, wanda halinsa dabam ne: shi yakan cakuɗe da zaren jijiyar ne, ya kumbura ta daga ciki, ta yadda ba a iya raba su. Wannan bambanci, kamar yadda za a gani, shi ne ke yanke hukunci a ɗakin fiɗa.

Yawancin masu shuwanoma manya ne masu matsakaicin shekaru, ƙarin nasu guda ɗaya ne, ba kuma gadonsa suka yi ba. Amma akwai na gado. Cutar da Friedrich von Recklinghausen ya bayyana a 1882 takan sami kusan mutum ɗaya cikin 3,000, ana gane ta da tabo-tabo a fata da ƙulaƙulai masu taushi a jiki. Wata kuma, wadda ta fi ta ƙaranci ƙwarai, takan sa ƙari a jijiyar ji ta kunnuwa biyu da kuma gefen laka, an gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta a 1993. In aka sami ƙarin jijiya a yaro, ko aka sami fiye da ɗaya a mutum guda, to, wajibi ne a binciki waɗannan.

Abin da ya fi ba likitocin fiɗa wahala shi ne siffar da ƙarin kan ɗauka a wuya. Yakan fara a cikin ramin laka, ya bi jijiyar ya fita ta kafar da ke tsakanin ƙasusuwa, ya sake buɗewa a waje, ya zama kai biyu da siririn ƙugu a tsakiya. George Heuer na Amurka ya kamanta shi da agogon yashi a 1929, Kenneth Eden na Ingila ya karkasa shi gida-gida a 1941. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani: siffar kalangu ke nan. Irin wannan ya fi yawa a wuya bisa sauran sassan ƙashin baya, musamman a jijiya ta 2, can sama kusa da ƙeya.

Alamomi

Alamar farko ciwo ne, kuma ciwon yana da hanya. Yakan taso daga wuya ya bi jijiyar da abin ya shafa. In ta 2 ce, sai ya hau ƙeya a gefe ɗaya, a yi ta shan maganin ciwon kai. In ta 6 ce, ya gangara dantse har babban yatsa. Ta 7, yatsan tsakiya. Ta 8, ƙaramin yatsa. Sau da yawa ya fi tsananta da dare in an kwanta, tari ko atishawa ko yunƙuri kan zaburar da shi. Wasu in sun sunkuyar da kai sai su ji wani abu ya tsarga musu daga wuya har gadon baya, kamar wanda ya taɓa kifin minjirya. Daga nan sai yatsu su fara sagewa, tsokar hannu ta rame, maɓallin riga ya gagara sawa, rubutun ma'aikaci ya canja har abokan aikinsa su lura.

Mataki na gaba shi ne wanda ya kamata kowa ya ji tsoronsa, wato lokacin da ƙarin ya fara danne lakar kanta. Ƙafafu su yi nauyi su sandare, takalmi ya riƙa zamewa ba a sani ba, hawan bene ya zama aiki. Da yake daga gefe ɗaya ƙarin ke turowa, akan ga wani abin mamaki wanda Brown-Séquard ya bayyana tun wajen 1850: ƙafar da ke gefen ƙarin ta rasa ƙarfi, ɗayar kuwa ƙarfinta na nan amma ba ta jin zafi ko sanyi. Dalili shi ne zaren da ke ɗauke da labarin zafi kan tsallaka zuwa ɗaya gefen tun a cikin laka. A ƙarshe fitsari da bayan gida su ƙi riƙuwa, ko su ƙi fita.

Duk wannan a hankali yake zuwa, cikin watanni ko shekaru, shi ya sa ake ruɗuwa. Ciwon wuya da ke sauka hannu, kusan kullum daga zaizayewar ƙasusuwan wuya ne, ko faifan guringuntsin da ke tsakaninsu ya zame, likitan da ya fara zaton haka bai yi laifi ba. A ƙasar Hausa kuma akwai tarin fuka na ƙashin baya, wanda ya fi wannan ƙari yawa nesa ba kusa ba, shi ma yana shanye ƙafafu. A gida kuwa sai a ce sanyi ne, ko amosani, a kai mutum wurin wanzami a yi masa ƙaho, in ƙafa ta fara ja a ce an yi masa jifa. Ƙaho ba ya kai wa ga abin da ke bayan ƙashi. Ƙa'idar da ta kamata a riƙe ita ce: ciwon da ya bi hanya ɗaya, ya ƙi jin magani makonni da yawa, ya hana barci, balle a ce rauni a hannu ko nauyin ƙafa ya biyo baya, wannan ya wuce a sake rubuta ƙwayoyi, sai a ɗauki hoton laka.

Daga ƙididdigar hankali zuwa hoto

Tarihin wannan fanni ya fara ne tun babu hoto ko ɗaya. A birnin Landan, a 1887, an kawo wa likita William Gowers wani hafsan soja ɗan shekara 42, wanda ya yi shekaru yana fama da azabar ciwo a haƙarƙari, har ƙafafunsa biyu suka shanye. Da gwajin hannu kawai, yana bin inda ji ya tsaya a fatar mutumin, Gowers ya yanke cewa ƙari ne ke danne laka, ya kuma faɗi daidai inda yake zato. Ran 9 ga Yuni, Victor Horsley ya buɗe ƙashin bayan, ya duba bai ga komai ba, ya ƙara sama da ƙasa, nan ma babu. Har ya yi niyyar rufewa, sai mataimakinsa Charles Ballance ya roƙe shi ya ƙara hawa ƙashi ɗaya. A can ƙarin yake. Aka cire, mutumin ya warke ya koma tafiya da ƙafafunsa. Wannan a bayan ƙirji ne aka yi, ba a wuya ba, amma shi ne karo na farko da aka cire ƙari daga cikin tantanin laka mai shi ya tashi, daga nan kuma ƙofa ta buɗe. A Nijeriya, Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa da laka a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962.

Hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895 ba ya nuna laka, sai dai wani lokaci ya nuna kafar jijiya ta yi faɗi fiye da ƙima, alamar wani abu ya daɗe yana cin bakinta. A 1921 Sicard da Forestier a birnin Faris suka fara zuba wani mai da ke fitowa a hoto cikin ruwan laka, a karkata marar lafiya, a ga inda man ya tokare. An yi shekara wajen sittin ana dogara da wannan dabara, duk da wahalar da take ba marar lafiya. Na'urar Godfrey Hounsfield mai yanka hoto falle-falle, wadda ake kira siti-sikan, ta fara aiki a kan marasa lafiya a 1971. Amma wadda ta kawo ƙarshen lalube ita ce na'urar hoto mai maganaɗisu, wato em-ar-ai, wadda ta shiga asibitoci a shekarun 1980. Ita ke nuna lakar kanta, da ƙarin, da yadda ya lanƙwasa ta. In aka yi wa mutum allurar wani ruwa mai gadoliniyam sai ƙarin ya yi haske fes. Gani ya kori ji.

Duk da haka hoto ɗaya bai isa ba. Likitan fiɗa yana bukatar siti-sikan don ya san yawan ƙashin da ƙarin ya cinye, yana kuma bukatar hoton jijiyar jinin nan ta gefen wuya, ya ga ko an ture ta ne, ko an kewaye ta, ya kuma san ko ta ɗaya gefen za ta iya ɗaukar nauyin aikin in wannan ta sami matsala. Hakikanin sunan ƙarin kuwa ba ya tabbata sai an cire shi an duba namansa a madubi.

A ɗakin fiɗa

Ba kowane ƙari ne ake gaggawar cirewa ba. Ƙarami wanda aka tsinta a hoton da aka ɗauka don wani dalili dabam, ba ya ciwo, ba ya danne komai, ana iya barinsa ana sake hoto lokaci-lokaci. Amma da zarar laka ta fara matsuwa, fiɗa ce magani.

Galibi ta baya ake shiga. A sa mutum barci, a kifa shi, a kafe kansa da maƙalli don kada ya motsa. A tsaga fata a tsakiyar ƙeya zuwa ƙasa, a janye tsoka, a cire rufin ƙashin da ke bayan laka. A dā duka rufin ake cirewa, yanzu kuwa sau da yawa rabinsa na gefen ƙarin ya isa, domin an lura cewa cire shi gaba ɗaya, musamman a yara da matasa, yakan sa wuya ya ranƙwafa gaba bayan shekaru. Sa'an nan a buɗe tantanin a ƙarƙashin madubin fiɗa mai ƙara girma, wanda Gazi Yaşargil, Baturke mai aiki a Zurik, ya yi fice wajen yaɗa amfani da shi daga 1967. Doka ta farko ita ce ba a jan laka, ba a ture ta. Maimakon a tumɓuke ƙarin a dunƙule, sai a huda bawonsa a rarake cikinsa kaɗan-kaɗan, kamar mai gyaran duma, har ya saki, bawon ya faɗo daga jikin laka da kansa. A duk tsawon aikin akwai wayoyi a kai da gaɓoɓin marar lafiya, suna auna ko saƙo na wucewa. In ya fara raguwa a gaya wa likita ya dakata.

Daga nan sai babbar tambaya: jijiyar da ƙarin ya tsiro a kanta, a yanke ta ko a bar ta? In aka bar ta, ana iya barin ragowar ƙari a jikinta ya sake tsirowa. In aka yanke, ana iya raunana hannu. A jijiya ta 2 abin da sauƙi, don iyakar hasarar ita ce fatar ƙeya ta sage. A ta 5 zuwa ta 8 ne hankali ke tashi. Wani bincike da likitocin asibitin Mayo na Amurka suka buga a 1989 ya nuna cewa cikin mutum 31 da aka yanke wa irin waɗannan jijiyoyi masu muhimmanci, na hannu ko na ƙafa, kusan ɗaya cikin huɗu ne suka sami wani rauni, ba kuwa wanda raunin ya nakasa. Bayanin da ake bayarwa shi ne, kafin ranar fiɗa ƙarin ya riga ya kashe jijiyar sannu a hankali, maƙwabtanta kuma sun karɓi aikinta. Amma ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin abu ba ne ga tela ko direba ko magatakarda. Don haka likita mai hankali ba ya yanka da ka: yakan taɓa zaren da 'yar wutar lantarki, in tsokar hannu ta amsa ya san da rai a ciki ya yi ƙoƙarin tsirar da shi, in shiru ya yanke. A shuwanoma sau da yawa ana iya ɓare ƙarin a sadaukar da zare ɗaya ko biyu. A niyurofaiburoma da wuya hakan ta yiwu, sai dai a zaɓa tsakanin jijiyar da cirewa duka.

Mai siffar kalangu yana ƙara wahala biyu. Don a kai ga ƙugunsa dole a fasa gaɓar da ke haɗa ƙasusuwa biyu a wannan gefe, in kuwa aka cire ta duka wuyan na iya rasa ƙarfinsa, sai an ɗaure ƙasusuwan da kusoshi da sandunan ƙarfe, abin da kan rage juyawar wuya. Kan da ke waje kuma yana jingine da jijiyar jini. In ya yi girma ya nausa gaba, akan sake shiga ta gefen wuya ko ta gaba, a rana ɗaya ko a wani zama dabam. In ya manne wa jijiyar jinin ƙam, yawancin likitoci sun gwammace su bar ɗan ɓawo a jikinta da su yaga ta, gama yagewarta na iya jawo zubar jini mai tsanani ko shanyewar ɓarin jiki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ragowar sai a riƙa bibiyarta da hoto, in ta motsa a ƙona ta da haske mai ƙarfi wanda ake saitawa daidai kanta.

Bayan fiɗa, matsalar da aka fi gani ita ce yoyon ruwan laka ta wurin ɗinki, musamman inda ƙarin ya riga ya huda tantanin ya bar giɓi. Akan toshe da kitse ko tantanin tsokar mutumin. Ciwon da ke bin hannu yakan ragu da wuri. Ƙarfin gaɓoɓi kuwa a hankali yake komowa, cikin watanni, tare da motsa jiki a hannun masana. Wanda ya shiga ɗakin fiɗa da ƙafafunsa, kusan kullum da su yake fita; wanda ya daɗe a kwance, abin da zai samu ya danganta da yawan zaren lakar da ya rage da rai. In an cire shuwanoma duka, da wuya ya komo.

Masu cutar Recklinghausen hukuncinsu dabam ne. Ƙarinsu kan yi yawa, ba a iya bin su duka da wuƙa, sai wanda ke danne laka. Kusan ɗaya cikin goma daga cikinsu wani ƙarin nasu kan rikiɗe ya zama sankara a tsawon rayuwarsu, saboda haka ƙullin da ya daɗe shiru sa'an nan ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya fara zugi ba dare ba rana, ba a jira da shi. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin sha mai suna selumetinib don yara masu irin ƙarin nan mai rassa wanda fiɗa ba ta iya cirewa, yana kuwa rage girmansa a yawancin waɗanda aka gwada a kansu, ko da yake ba ya kawar da shi gaba ɗaya.